Fakhruddin Ar-Razi: Malamin tafsirin da ya tattauna yiwuwar wasu duniyoyi

Malaman tafsiri a ƙasar nan, daga Sakkwato har Keffi, sun san sunan Fakhruddin Ar-Razi saboda littafinsa Mafatihul Gaibi, wanda aka fi kira Tafsirul Kabir. Kaɗan ne suka san cewa fiye da shekaru 800 da suka wuce, ya tattauna tambayar da masana sararin samaniya ke bincike a kanta a yau: shin duniyarmu ita kaɗai ce?

An haife shi a birnin Rayy, kusa da Tehran ta yanzu, wajen shekarar 1149. Mahaifinsa, Diya'uddin Umar, shi ne mai huɗubar garin kuma malaminsa na farko, shi ya sa ake masa laƙabi da Ibnul Khaɗib. Daga baya ya yi karatu a wurin Majduddin Al-Jili, ya ƙware a fiƙihun Shafi'iyya, aƙidar Ash'ariyya da falsafa.

Ya yi tafiye-tafiye zuwa Khawarizm, Bukhara da Samarƙand, yana muhawara da malamai. Kaifin harshensa ya ja masa almajirai masu yawa da abokan gaba. Muhawararsa da Mu'utazilawa ta sa dole ya bar Khawarizm.

A wancan zamani, masana falsafa masu bin tafarkin Aristotle da Ibnu Sina sun tafi a kan cewa duniya ɗaya ce tak, ƙasa na tsakiyarta, kuma babu komai a bayan sama ta ƙarshe. Ar-Razi ya ƙi amincewa. A sharhinsa na Suratul Fatiha ya bayyana cewa bayan wannan duniya akwai sarari marar iyaka, kuma Allah mai iko ne ya halicci dubban dubban duniyoyi a cikinsa, waɗanda suka fi tamu girma. Ya ɗauki hujjojin masu cewa duniya ɗaya ce a matsayin raunana.

Bai yi da'awar cewa ya san akwai masu rai a can ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne cewa hankali ba shi da dalilin kore yiwuwar hakan.

Ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Herat, cikin Afganistan ta yau, inda ya sha adawa daga 'yan Karramiyya. Ya rasu a can a shekarar 606 bayan Hijira, daidai da 1210.

A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar farko mai kewaya tauraro irin ranarmu, kuma a 2022 hukumar NASA ta Amurka ta sanar cewa waɗanda aka tabbatar sun haura 5,000. Har yanzu ba a samu shaidar rayuwa a ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma bincike na ci gaba.