Tarihin Janar Bernard Schriever

An haifi Janar Bernard Schriever, mutumin da ake ɗauka a matsayin uban shirin makamai masu linzami da na sararin samaniya na rundunar sojin saman Amurka, ranar 14 ga watan Satumban 1910 a birnin Bremen na ƙasar Jamus.

Mahaifinsa injiniya ne a wani jirgin ruwan Jamus da yaƙin duniya na ɗaya ya rutsa da shi a New York. Bernard da mahaifiyarsa da ƙaninsa sun bi shi Amurka a 1917, inda suka zauna a jihar Texas. Shekara guda bayan haka mahaifin ya rasu sakamakon hatsari a wurin aiki, ya bar iyalin cikin ƙuncin rayuwa.

Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1923, ya kammala kwalejin Texas A&M a 1931, sannan ya zama matuƙin jirgin soja a 1933. Bayan samun digiri na biyu a jami'ar Stanford a 1942, an tura shi fagen daga a yankin tekun Pasifik, inda ya tuƙa jiragen kai farmaki samfurin B-17.

Tsere da Tarayyar Sobiyet

A 1954, lokacin da yaƙin cacar baka ya yi zafi, an naɗa shi shugaban wani sabon sashe da aka ɗora wa alhakin ƙera makami mai linzami da zai iya tsallaka nahiyoyi. Sashen ya fara aiki ne a asirce cikin ginin wata tsohuwar makaranta a Inglewood da ke jihar California.

Ya gamu da turjiya daga manyan hafsoshi irin su Janar Curtis LeMay, waɗanda suka fi amincewa da jiragen kai farmaki. To amma a 1955 Shugaba Eisenhower ya ba shirin fifiko a kan sauran ayyukan binciken soja.

Domin rage ɓata lokaci, Schriever ya sa ana gwajin makaman, ana gina masana'antu da sansanoni, ana kuma horas da sojoji duk a lokaci guda. Dabarar ta ci kuɗi ainun, kuma rokoki da dama sun tarwatse a gwaje-gwajen 1957, shekarar da Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik.

Sai dai a ƙarƙashinsa aka samar da makaman Thor da Atlas da Titan da Minuteman. Rokar Atlas ce kuma ta ɗauki John Glenn ya kewaya duniya a 1962.

Leƙen asiri daga sama

Mutanensa sun yi aiki tare da hukumar CIA a shirin taurarin leƙen asiri na Corona, wanda ya sha faɗuwa kafin ya dawo da hotunan Tarayyar Sobiyet a watan Agustan 1960. Hotunan da suka biyo baya sun nuna cewa makaman Moscow ba su kai yawan da ake fargaba ba.

Ya kai muƙamin cikakken Janar a 1961, ya yi ritaya a 1966.

Masu yaba masa na ganin ya taimaka wajen hana ɓarkewar yaƙi tsakanin manyan ƙasashen biyu, yayin da masu adawa da makaman nukiliya ke cewa irin aikinsa ne ya ƙara rura wutar tseren makamai.

A 1998 aka sa wa wani sansani a jihar Colorado sunansa yana da rai. Daga can ake sarrafa taurarin GPS da wayoyin salula ke dogaro da su, kuma yanzu sansanin na hannun rundunar sararin samaniya da aka kafa a 2019.

Janar Schriever ya rasu ranar 20 ga watan Yunin 2005 yana da shekara 94, aka binne shi a maƙabartar Arlington.