Gwarzon Wannan Mako: Mustafa Alhassan, Mutumin da Ya Sa Kwaɗi Kokawa

'Yan uwa ɗalibai, ku tambayi iyayenku da malamanku waɗanda suka taso a shekarun 1980 da 1990. Za su gaya muku yadda yara ke cika ɗakin mai talabijin ɗaya tilo a unguwa da yamma, suna jiran NTA ko CTV Kano ta buɗe tasha a sa musu katun. Wasu za su tuna Voltron da Tom and Jerry. Wasu kuma wani katun ne na dodanni da 'ya'yan sarakuna da aka nuna sau ɗaya ko biyu, sunansa ya ɓace musu, amma hotonsa na nan a ransu har gobe. Kusan dukkan waɗannan daga Amurka, Japan da Turai aka kawo su. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, tun kafin lokacin, wani maƙwabcinmu a Jamhuriyar Nijar ya riga ya fara yin katun da tatsuniyoyin ƙasarmu. Shi ne marigayi Mustafa Alhassan, wanda a littattafai ake rubuta sunansa Moustapha Alassane.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a shekarar 1942 a garin N'Dougou, lokacin Nijar tana hannun Turawan Faransa. Tun yana yaro hannunsa ya faɗa da zane. Yakan yanka kwali ya fitar da siffar mutane da dabbobi, ya kunna fitila a bayansu da dare, inuwarsu ta fito tana motsi, jama'a su taru suna kallo. Babu wanda ya koya masa wannan. Da ya girma sai ya koyi kanikanci, sana'ar da ta amfane shi daga baya, domin duk na'urar da ta gagare shi saye yakan yi dabarar haɗa irinta da hannunsa.

Yadda ya shiga harkar fim

A birnin Yamai ya sami aiki a cibiyar bincike ta IFAN, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai ɗaukar finafinan al'adu. Rouch ya ga baiwar saurayin, ya taimaka masa ya koyi aiki da kyamara. A 1962 Mustafa ya fitar da gajeren fim mai suna Aouré, wato aure, kan bikin aure a ƙasar Zabarmawa. A shekarar dai ya yi La Bague du roi Koda, tatsuniyar wani azzalumin sarki da ya ba masunci ajiyar zobensa, da sharaɗin in ya ɓata a bakin ransa.

Daga nan ya tafi Kanada, ya ƙaro ilimi a hukumar finafinan ƙasar, inda ya zauna da Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen zane mai motsi na duniya.

Ƙasar kwaɗi

A 1965 ya kammala katun ɗinsa La Mort de Gandji, labarin wata masarautar kwaɗi da fadawanta. Wannan aiki ya sami lambar yabo a babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar ta ƙasar Sanagal a 1966. A wannan shekara ya fitar da Bon Voyage Sim, katun na kimanin minti 5, inda Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya shiga jirgi ya kai ziyara maƙwabciyar ƙasa, aka yi ta fareti da kaɗe-kaɗe da fadanci. Yaro zai kalla ya yi dariyar kwaɗo a jirgin sama. Babba kuwa zai gane cewa da shugabannin Afirka na farkon samun 'yanci ake, masu son shagali fiye da aiki. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Haka kakanninmu ke yi da Gizo da Kura, a faɗi gaskiya ta bakin dabba, kowa ya ji, babu wanda aka kama suna.

Kada ku raina minti 5 ɗin nan. A majigi, hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ku lissafa: minti 5 na nufin hoto 7,200. Babu kwamfuta a lokacin, sai takarda da alƙalami da haƙuri.

A 1977 ya yi Samba le Grand, da 'yan tsana masu launi. Labarin wani jarumi ne da ya nemi auren gimbiya, ita kuma ta yi ta gindaya masa sharuɗɗa masu wuya ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan aiki, ana ɗan gusa hannun 'yar tsana a ɗauki hoto, a sake gusawa a sake ɗauka, har a tara dubbai. Da wannan dabara ya yi Kokoa, wato kokawa, inda kwaɗi da hawainiya suka shiga fili suna gwada ƙwanji, 'yan kallo na sowa. Duk wanda ya taɓa zuwa dandalin kokawa bayan kaka a Kiru ko Tudun Wada zai ga kamar a garinsu aka yi.

Sauran ayyukansa

Bai tsaya kan katun kaɗai ba. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Gargaɗi ne kan kwaikwayon duk abin da aka gani a majigi. A 1972 ya fitar da FVVA, kan masu haukan mace da gida da mota da kuɗi. Sai kuma Toula, tatsuniyar budurwar da aka sadaukar ga aljanin ruwa saboda fari. Ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai tsawon shekara 15. Daga baya ya koma Tawa, cikin ƙasar Adar, ya mayar da wani sashe na masaukin baƙinsa ɗakin aiki, yana koyar da matasa. Da kwamfuta ta zo, bai ce ya tsufa ba, ya zauna ya koye ta.

Rasuwarsa

A 2007 gwamnatin Faransa ta karrama shi da lambar girma a bikin finafinai na Cannes. Ya rasu ranar 17 ga Maris, 2015, a Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso. Allah ya jiƙansa. A 2017 wani babban gidan adana kayan fasaha a birnin New York ya shirya nuna finafinansa na musamman.

Abin da ya rage gare mu

Abin takaici, mutanen New York sun kalli Sim da Samba, amma da wuya a sami ɗalibi ɗaya a ajinmu da ya taɓa jin sunansu, alhali Tawa ƙasar Hausa ce. Yau ƙannenmu suna kallon katun a waya da harsunan da ba sa ji, tatsuniyar dare kuma tana ja da baya a gidaje da yawa. Idan tsofaffin da suka san ta suka shuɗe, wa zai ba 'ya'yanmu?

Mustafa ya fara da kwali da fitila. Mu kuwa akwai waya mai kyamara a kusan kowane gida, ga yumɓu a bakin rafi, ga kara a gona. Kwaɗin gefen dam ɗin Tiga da birran dajin Falgore sun isa 'yan wasa. Ku je wurin kaka ku karɓo tatsuniya ɗaya, ku rubuta ta, ku gina 'yan tsananku, ku gwada ko da na daƙiƙa 10 ne. Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya gwada ya kawo mana, za mu ba da labarinsa a wannan allo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta