Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan Da Hanya Ta Zama Makarantarsa

Tafiyar farko da Ajayi ya yi, da igiya a wuyansa ya yi ta. A shekarar 1821 mahara suka auka wa garinsu Osogun, a ƙasar Yarbawa, suka cinna masa wuta, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa, yana ɗan shekara goma sha biyu ko kusan haka. Ba a daɗe ba aka raba su. Ya yi ta sauya hannu daga wannan maigida zuwa wancan, har akwai lokacin da aka yi musayarsa da doki, kafin a sayar da shi ga 'yan Fotugal masu fataucin bayi a Ikko.

A watan Afrilu na 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da aka loda su ciki. Yaron da bai san duniya ba sai iyakar gonakin garinsu, ya ɗauka ya faɗa hannun waɗanda suka fi na farko mugunta. Da ya ga naman alade a rataye cikin jirgin, ya zaci naman 'yan'uwansa ne, da ya ga tarin harsasan igwa kuwa, ya zaci kawunansu ne. Sai da ya matsa kusa ya duba da kyau, sannan ya gane tsoro ne ya rufe masa ido. Wannan ɗabi'a ta matsawa kusa a duba kafin a yanke hukunci ita ce ta bi shi har tsufansa.

A Saliyo aka sauke su, inda 'yantattun bayi na kabilu barkatai suke zaune wuri guda, har da Hausawa da Nufawa da Ibo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Ya je Ingila karatu na ɗan lokaci a 1826, a 1827 kuma ya zama ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay. Matar da ya aura, Asano, ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita.

Tafiyar da ta juya rayuwarsa ita ce ta 1841, sa'ad da gwamnatin Ingila ta aiko jirage su hau kogin Kwara domin neman hanyar kashe cinikin bayi. Ƙungiyar mishan ta CMS ta haɗa shi da wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Zazzaɓi ya karkashe Turawa da yawa, tafiyar ta watse. Amma Crowther ya ga kasuwanni da fadodin sarakuna da harsuna iri iri, ya rubuta abin da ya gani kowace rana. Abu ɗaya ya fito fili ga shugabannin mishan: idan bishara za ta shiga cikin ƙasa, 'yan Afirka ne za su kai ta, da harsunan mutane. Saboda haka aka kira shi Landan, aka keɓe shi mai hidima a 1843.

A 1846 ya isa Abekuta domin aikin bishara, kuma a can ne ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan shekara ashirin da biyar. Tsohuwar ta karɓi bangaskiya, aka sa mata suna Hannatu.

Bai zauna ba. A 1854 ya bi Dokta William Baikie suka hau Binuwai, kuma da yake sun riƙa shan kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. A 1857 ya kafa tashar mishan a Anaca, ya ci gaba zuwa arewa, sai jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya lalace. Wani zai ce lokaci ya ɓaci, domin sun yi wata da watanni suna jiran wani jirgi. Shi kuwa ya mai da zaman makaranta: ya dukufa kan Nufanci, yana zama da fatake da masunta, yana tambaya yana rubutawa. Cikin 'yan shekaru ya fitar da littafin koyon karatu da nahawun Nufanci, kamar yadda ya yi wa harshen Ibo littafin farawa, ban da babban aikinsa na juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci.

Inda aka fi ganin abin da hanya ta yi masa shi ne zamansa da Musulmi. Yana saurayi a Saliyo ya yi ta gardamar addini da zafin kai, ya kuwa lura cewa ko ya rinjayi mutum da baki, zuciyar mutumin ƙara nisa take yi. Bayan ya zauna a garuruwansu, ya ci abincinsu, ya sha inuwarsu, sai ya sake salo. Ya riƙa ziyartar Etsu Masaba a Bida cikin ladabin da ya dace da fada, yana neman izini kafin ya kafa wani aiki. Ya ƙarfafa ma'aikatansa su koyi Larabci. A 1872, a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi masu nauyi a kan Almasihu a gaban jama'a. Bai zagi addinin kowa ba, bai kuma ɓoye nasa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya bar nassi ya amsa. Aka sallame shi da mutunci. Wannan kuwa mutum ne da aka ƙone garinsu a yaƙin da Musulmi suke cikin maharan, yana da dalilin riƙo in da ya so.

Kafin wannan, ranar 29 ga Yuni 1864, an keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi a ikilisiyar Angilika. Cikin masu kallo akwai Henry Leeke, hafsan ruwan da yake cikin waɗanda suka ƙwato shi shekara 42 da suka wuce.

Ƙarshensa bai zo da daɗi ba. Wajen 1890 wasu samarin mishan suka zo daga Ingila, cike da himma amma ba haƙuri. Su ma sun yi doguwar tafiya, sai dai sun iso da hukuncinsu a aljihu. Gaskiya ne akwai rauni a wasu tashoshin, kuma an san Bishop da saurin yafewa fiye da saurin horo. Amma maimakon su zauna su saurari tsohon da ya yi shekara kusan hamsin yana bin kogin, suka shiga dakatar da ma'aikatan Afirka a gabansa. A taron da aka yi a Anaca cikin wannan shekara har ɗansa Dandeson, wanda yake babban dikin, abin ya shafa. Crowther ya sauka daga shugabancin kwamitin, bai ɗaga murya ba.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa, kuma sai da aka yi shekara kusan sittin kafin wani ɗan Afirka ya sake riƙe diyosis ta Angilika a Nijeriya.