Solomon Linda (1909–1962): Mawaƙin da Waƙarsa Ta Fi Shi Suna

Akwai waƙoƙin da kan yi farin jini har a manta cewa wani mutum ne ya ƙaga su, a riƙa ɗaukar su tamkar karin magana ko tatsuniya. Waƙar "Mbube" ta Solomon Linda tana cikin irin waɗannan. Mawaƙa da yawa a Amurka da Turai sun sake rera ta da sunaye daban-daban, ta shiga finafinai da tallace-tallace, ta tara wa mutane dukiya mai yawa, alhali mai ita ya bar duniya iyalinsa ba su da ko kuɗin da za su kafa alama a kan kabarinsa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Solomon Popoli Linda a shekarar 1909 kusa da garin Pomeroy a yankin Msinga na lardin Natal, ƙasar Afirka ta Kudu. Bazule ne, ya kuma tashi cikin kiwon shanu da waƙoƙin bukukuwan aure irin na mutanensa. A makarantar mishan ta Gordon Memorial ya fara sanin salon rera waƙa na Turawa, wanda ake raba muryoyi gida huɗu.

Zamanin ƙuruciyarsa zamani ne na ƙunci ga baƙar fata. Dokar filaye ta 1913 ta hana su mallakar ƙasa sai a 'yan yankunan da aka keɓe musu, saboda haka samari suka riƙa kwarara birane neman aikin ƙwadago. Shi ma Linda ya bi sahu, ya isa Johannesburg a 1931. Ya yi aiki a wani shagon kayan ɗaki, daga baya ya koma otal ɗin Carlton.

Ƙungiyar Evening Birds

A gidajen kwanan leburori na birnin akan yi gasar waƙa a daren Asabar, ƙungiya-ƙungiya, ba tare da kayan kiɗa ba. A wannan fage ne Linda ya yi fice da ƙungiyarsa mai suna Evening Birds, wadda ya haɗa da abokansa 'yan gida ɗaya. An san su da ado: kwat mai zane-zane, malafa irin ta Turawa da takalma masu launi biyu. Amma abin da ya bambanta su na haƙiƙa shi ne tsarin muryoyi. Linda ya yawaita masu kakkaurar murya a cikin 'yan amshi, su zama kamar ganga a ƙasa, shi kuma jagora ya hau sama da siririyar murya irin ta mata. Ƙungiyoyin da suka biyo baya duk wannan tsari suka ɗauka.

A 1939 wani mai nemo wa kamfanin faifai na Gallo mawaƙa, Griffiths Motsieloa, ya kai su ɗakin ɗaukar murya. A nan suka rera "Mbube", wato zaki a harshen Zulu. Kalmomin waƙar kaɗan ne, ƙarfinta yana cikin amshi. Dab da ƙarshen ɗaukar da aka amince da ita, Linda ya saki wani ɗan gajeren kari da muryar nan tasa ta sama, wanda bai wuce daƙiƙa kaɗan ba. Wannan ɗan karin shi ne abin da duniya ta riƙe daga baya, shi ne kuma aka yi ta jayayya a kansa har bayan shekara sittin.

Faifan ya karɓu ƙwarai, an sayar da kimanin dubu 100 cikin shekara goma, har sunan waƙar ya zama sunan salon baki ɗaya. Daga wannan salo ne isicathamiya ta samo tushe, wadda ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta kai ko'ina a duniya. To sai dai haƙƙin mallakar waƙar ya koma hannun Gallo a kan sule goma. Linda kuwa ya ci gaba da aikin shirya fayafayi cikin kwali a masana'antar kamfanin.

Yadda Waƙar Ta Tsallaka Teku

Wajen 1950 faifan ya faɗa hannun Alan Lomax, masanin waƙoƙin gargajiya na Amurka, shi kuma ya miƙa wa abokinsa Pete Seeger na ƙungiyar Weavers. Seeger bai ji Zulanci ba. Ya saurari amshin, ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi, sai ga sabuwar kalma, "Wimoweh", wadda ba ta da ma'ana a kowane harshe. Da wannan suna ƙungiyar ta fitar da waƙar, ta yi kasuwa a 1952.

A nan ne aka yi wa Linda sakiyar da ba ruwa. Al'adar masu buga waƙa a Amurka a lokacin ita ce, duk waƙar da aka kira ta gargajiya ba ta da mai ita, don haka wanda ya gyara ta shi ke karɓar ladan. Sai aka rubuta sunan Paul Campbell a matsayin mawallafi, alhali babu wani mutum mai wannan suna a cikin lamarin, laƙabi ne kawai da aka ƙirƙira domin karɓar kuɗi. Hujjar gargajiyar nan ba ta da ƙarfi, domin waƙar daga faifai aka kwafe ta, faifan kuma yana ɗauke da sunan Linda da ƙungiyarsa. Seeger dai, da ya gane akwai mai waƙar, ya aika masa da dala dubu ɗaya, ya kuma nemi a riƙa tura masa kasonsa, amma abin da ya isa Afirka ta Kudu bai taka kara ya karya ba.

Wasu mawaƙan sun bi baya. Yma Sumac ta rera ta, haka ƙungiyar Kingston Trio. Miriam Makeba, 'yar ƙasarsu, ta saka ta a faifanta na 1960 da sunanta na asali. Babban sauyin ya zo a 1961, lokacin da kamfanin RCA ya sa George David Weiss ya tsara mata baitoci na Ingilishi, tare da Hugo Peretti da Luigi Creatore. Baitocin nan an ɗora su ne a kan ɗan karin da Linda ya saki a 1939. Wasu samari 'yan Brooklyn masu suna Tokens suka rera ta da sunan "The Lion Sleeps Tonight", ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a watan Disamba na shekarar. Sunayen mutanen nan uku aka rubuta a kanta.

Daga nan sai abin ya zama ruwan dare. Henri Salvador ya yi ta Faransanci a 1962, Karl Denver ya yi tasa a Ingila a wannan shekarar, Robert John ya maido da ita kasuwa a 1972, ƙungiyar Tight Fit ta kai ta matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1982. A 1994 kamfanin Disney ya saka ta a fim ɗin The Lion King, sannan a wasan dandamalin da aka fara a 1997.

Rasuwarsa

Linda bai ga yawancin wannan ba. A 1959 ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar waƙa, likitoci suka gano ciwon ƙoda ne. Ya yi jinya mai tsawo, ya rasu a 1962, ƙasa da shekara guda bayan waƙarsa ta mamaye gidajen rediyon Amurka. Ya bar matarsa da 'ya'ya mata a Soweto cikin talauci. Sai bayan shekara 18 aka samu halin kafa dutse a kan kabarinsa.

Shari'ar Magada

A shekarar 2000 ɗan jaridar Afirka ta Kudu Rian Malan ya buga dogon bincike a mujallar Rolling Stone, inda ya bi sawun kuɗin waƙar, ya ƙiyasta cewa ta samar da kimanin dala miliyan 15 na ladan mallaka. François Verster ya biyo da fim ɗin A Lion's Trail a 2002. Maganar ta tayar da ƙura a ƙasar, wadda ba ta daɗe da fita daga mulkin wariyar launin fata ba.

Matsalar ita ce an sa hannu a takardun sallama haƙƙi, kuma a ido babu ta inda za a ɓullo. Lauya Owen Dean ne ya tono wata tsohuwar doka, wato dokar haƙƙin mallaka ta daular Birtaniya ta 1911, wadda ke aiki a Afirka ta Kudu a zamanin Linda. Wani sashe nata ya tanadi cewa, ko mawallafi ya sayar da haƙƙinsa, bayan shekara 25 da rasuwarsa haƙƙin zai koma wa magadansa. Bisa wannan lissafi, tun 1987 "Mbube" ta zama ta iyalin Linda. Abin mamaki, dokar 'yan mulkin mallaka ce ta zame musu makami.

A 2004 aka shigar da ƙara a kan Disney ana neman diyyar kimanin dala miliyan 1.6. Domin kotun ƙasar ta samu hurumin sauraron ƙarar kamfanin waje, sai aka sa ta riƙe tamburan kasuwancin Disney da aka yi wa rajista a Afirka ta Kudu, har da na Mickey Mouse. Ba a kai ga yanke hukunci ba. A Fabrairun 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney izinin amfani da waƙar, ya sasanta da magadan. An biya su kuɗin da ba a bayyana yawansu ba, aka kafa asusun amana, aka kuma amince a rubuce cewa "The Lion Sleeps Tonight" daga "Mbube" ta fito, kuma Linda yana cikin mawallafanta. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ta riga ta rasu a 2001, ba ta ga wannan rana ba.

Yarjejeniyar biyan tana da wa'adi, ta kuma ƙare a 2017. A 2019 Disney ya fitar da sabon The Lion King, waƙar tana ciki.