Tarihi: Baba Puran Singh, ɗan ci-ranin da garin Kericho bai manta da shi ba

A Sabon Gida da sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita, da wuya a samu gidan da bai san ci-rani ba. Ana gama girbi samari ke kama hanyar Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya, kuma abin da aka fi auna su da shi shi ne abin da suka aiko gida. A filinmu na tarihi na wannan mako mun kawo muku rayuwar wani ɗan ci-rani da aka auna da wani ma'auni dabam, wato abin da ya bar wa garin da ya sauke shi. Shi ne Baba Puran Singh, jagoran addinin Sikh wanda ya yi fiye da rabin ƙarni a ƙasar Kenya.

An haife shi a shekara ta 1898 a ƙauyen Gura, cikin yankin Jalandhar na jihar Punjab a Indiya, lokacin mulkin mallakar Ingila. A Punjab ɗin ne addinin Sikh ya samo asali daga koyarwar Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469. Mabiyansa sun yarda da Ubangiji ɗaya, mazansu ba su aske gashi, suna naɗa rawani. Koyarwar ta tsaya kan abu uku: ambaton Ubangiji, cin guminka ta hanyar gaskiya, da raba abin da ka samu da na kusa da kai. Duk rayuwar Puran Singh a kan waɗannan ukun ta gudana.

Hanyar da ta kai shi Afirka an share ta tun kafin ya girma. Daga 1896 zuwa 1901 Turawan Ingila sun shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa gaɓar tafkin Victoria, suka kwaso ma'aikata fiye da dubu 30 daga Indiya. Bayan an gama aikin, kafintoci da maƙera da magina ƴan Punjab suka ci gaba da tsallako teku don neman abinci. A 1916 Puran Singh ya bi sahu, yana da shekara 18.

A 1925 ya buɗe wurin sana'arsa a Kericho, wani ƙaramin gari a kan tsaunukan yammacin Kenya, ƙasar ƙabilar Kipsigis, inda gonakin ganyen shayi suka fara bunƙasa a wannan zamani. Ya sa wa wurin suna Kericho Wagon Works, ana ƙera kekunan dakon kaya da gyara su. Mutum ne mai iyali, bai bar sana'a ya shiga daji don ibada ba. Da rana yana bakin aiki, da asuba da dare yana addu'a da karatun littafin addininsa, kuma sannu a hankali mutane suka fara zuwa wurinsa neman shawara da addu'a.

A lokacin, mulkin mallaka ya raba mutanen Kenya gida uku: Turawa a sama, ƴan Indiya a tsakiya, baƙar fata a ƙasa. Unguwanni dabam, makarantu dabam. Baƙo mai sana'a zai iya tara dukiyarsa ba tare da ya san halin da maƙwabcinsa ɗan ƙasa yake ciki ba. Puran Singh bai zauna haka ba. Ya sa dukiyarsa da ƙarfinsa cikin gyaran asibitoci da makarantu da ƙawata gari, har da majami'un Kirista, alhali shi ba Kirista ba ne. Saboda haka ne hukumomin garin suka sa wa wani dandali na Kericho sunansa.

Kenya ta samu ƴancin kai a 1963. Cikin shekarun da suka biyo baya, ƴan asalin Indiya da yawa suka bar gabashin Afirka zuwa Ingila, musamman bayan da Idi Amin ya kore su daga Uganda a 1972. Puran Singh ya koma Ingila a 1974, yana tsoho, ya tarar da jama'arsa cikin sabon baƙunci: aikin masana'antu, wariyar launin fata, da ƴaƴa da ke tasowa nesa da harshen iyayensu. A birnin Birmingham ya kafa ƙungiyar Guru Nanak Nishkam Sewak Jatha, wato jama'ar masu hidima ba don a biya su ko a yabe su ba. Cibiyarta tana kan titin Soho, unguwar Handsworth. Aikin wurin duk na sa-kai ne, irin gayyar da muka sani: wani na shara, wani na gini, wani na girki. A ɗakin cin abincin da suke kira langar, kowa na iya shiga ya zauna ya ci kyauta, ba a tambayar addininsa ko arzikinsa.

Babbar jarrabawa ta zo ne a kan rawani. A 1978 wata makaranta mai zaman kanta a Birmingham ta ƙi karɓar wani yaro, Gurinder Singh Mandla, sai in ya cire rawani ya yi aski. Mahaifinsa ya kai ƙara, ya faɗi a kotun farko, ya sake faɗi a kotun ɗaukaka ƙara a 1982. Puran Singh yana cikin manyan da suka tsaya wa wannan fafutika, aka yi babban gangami na lumana a Landan cikin wannan shekara. Ranar 24 ga Maris 1983, kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Ingila ta yanke hukunci cewa dokar hana wariya ta 1976 ta kare ƴan Sikh, yaro na da damar shiga makaranta da rawaninsa.

Bai daɗe ba bayan wannan nasara. Ya rasu ranar 5 ga Yuni 1983, yana da kimanin shekara 85. Bhai Norang Singh ya gaje shi har zuwa 1995, sannan Bhai Mohinder Singh, injiniyan da ya yi aiki a Zambiya. Ƙungiyar ce ta ɗauki nauyin sabunta zinaren da ke lulluɓe da babban ɗakin ibadar Sikh na Amritsar daga 1995 zuwa 1999.

Almajiransa kuma sun dawo Kericho. A wurin da yake sana'a sun gina babban ɗakin ibada, da cibiyar koyar da sana'o'i mai ɗauke da sunansa, inda ƴaƴan Kenya ke koyon aikin da za su ci abinci da shi.