Sam Cooke (1931–1964): Tsohuwar Waƙa a Sabon Baki

Maroƙin fadar Damagaram ba ya zuwa da sabon kirari kowace salla. Abin da ya gada daga iyayensa game da Tanimun ko Amadu Kuran Daga shi yake maimaitawa, amma duk da haka masu sauraro suna bambance bakin wane da bakin wane. Ga ɗalibin ilimin harshe akwai abin tambaya a nan: idan kalmomin ba su sauya ba, a ina bambancin yake zaune? Rayuwar Sam Cooke, mawaƙin nan baƙar fata na Amurka da ake lissafawa cikin waɗanda suka assasa salon waƙar da ake kira sol, tana ba da amsa mai kyau. Ya shafe wani babban sashe na gajeren zamaninsa yana rera waƙoƙin da wasu suka tsara tun yana yaro, kuma ta hanyarsu ne ya nemi shiga wuraren da launin fatarsa ya rufe masa.

Asali da tashi

An haifi Samuel Cook ranar 22 ga Janairu 1931 a garin Clarksdale na jihar Misisifi, a kudancin Amurka, inda dokar wariyar launin fata take da ƙarfi. Shi ne na biyar cikin ƴaƴa takwas na Charles Cook, wanda limamin coci ne. A 1933 iyalin suka yi ƙaura zuwa Shikago, kamar yadda dubban baƙaƙen fata na kudu suke yi a lokacin don neman aiki da sararin numfashi. A can ya fara waƙa tare da ƴan'uwansa a majami'ar mahaifinsa, sannan da ya zama saurayi ya shiga wata ƙungiyar waƙoƙin addini mai suna Highway QC's.

A 1950, yana da shekara 19, aka ɗauke shi ya maye gurbin R. H. Harris a matsayin jagoran Soul Stirrers, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin waƙar coci na zamanin. Tsarin waƙarsu ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe: jagora ya ja baiti, ƴan amshi su karɓa, jama'a kuma su tsoma baki. Harris ya yi suna da ƙaƙƙarfar murya mai hawa sama, shi kuwa Cooke muryarsa sassauƙa ce mai taushi. Maimakon ya kwaikwayi magabacinsa, sai ya samo tasa hanya: ya riƙe gaɓa ɗaya, ya yi ta karkaɗa ta bisa sautuka da yawa, sau da dama ma gaɓar ba ta da wata ma'ana a ƙamus. Wannan karkaɗar murya ita ta zama tambarinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Daga coci zuwa kasuwa

A wancan zamani mabiya waƙar coci suna ɗaukar komawa waƙar duniya tamkar cin amana. Saboda haka lokacin da Cooke ya gwada sa'arsa a 1957 da waƙar Lovable, sai aka fitar da faifan da sunan aro, Dale Cook. Waƙar kanta tsohuwar waƙar yabon Ubangiji ce da aka sauya wa kalmomi ta koma yabon mace, karin kuwa yana nan yadda yake. Dabarar ba ta ɓoye komai ba, domin duk wanda ya ji faifan ya gane mai shi. Suna abu ne da ake iya sauyawa a takarda, amma amon murya da yadda mutum yake sarrafa numfashinsa suna bin sa duk inda ya je.

Mai kamfanin Specialty, Art Rupe, bai gamsu da sabuwar alƙiblar ba, don haka Cooke da mai shirya masa faifai, Bumps Blackwell, suka koma wani ƙaramin kamfani mai suna Keen. A nan ne ya ƙara harafin e a ƙarshen sunansa. A cikin shekarar ta 1957 aka fitar da faifai mai fuska biyu. Fuska ɗaya tana ɗauke da You Send Me, wadda ta kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, tsakanin baƙaƙe da farare baki ɗaya. Ɗaya fuskar kuwa tana ɗauke da Summertime, waƙar lallashin jariri da George Gershwin ya tsara wa kiɗa don wasan Porgy and Bess na 1935. Tun daga faifansa na farko da ya yi fice, sabuwar waƙa da tsohuwa suna manne da juna.

Waƙoƙin gado na jaz

Summertime tana cikin rukunin waƙoƙin da za mu iya kira waƙoƙin gado na jaz. Mafi yawansu an tsara su ne tsakanin shekarun 1920 da 1950 don wasannin dandamali na birnin Niyok da finafinan Hollywood, daga hannun mutane irin su Gershwin, Cole Porter da Irving Berlin. Makaɗan jaz suka ɗauke su suka mayar da su rumbun kowa da kowa. Ba a tambayar mawaƙi ko shi ya ƙirƙiri waƙar. Abin da ake auna shi da shi shi ne abin da ya yi da ita. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai a hannun wanda ya san haɗi.

Waɗannan waƙoƙi suna da wata daraja ta daban a kasuwa. Su ake rerawa a manyan gidajen rawa na attajirai farar fata, kuma ta kansu ne Nat King Cole ya samu karɓuwa a wajen da ba a saba ganin baƙar fata ba. Cooke ya lura da haka, har ma ya sake rera For Sentimental Reasons, wadda Cole ya yi fice da ita a 1946. A farkon 1959 ya fitar da kundi guda mai suna Tribute to the Lady, na waƙoƙin da Billie Holiday ta shahara da su, ƴan watanni kafin rasuwarta a Yulin wannan shekara.

Kundin yana da abubuwa biyu da za su ja hankalin mai nazarin harshe. Na farko, yadda waƙar mace take komawa bakin namiji cikin sauƙi a Ingilishi. Wakilin suna na mutum na biyu a wannan harshe ba ya bambance jinsi, saboda haka sai an ambaci wanda ake so a matsayin mutum na uku ne ake bukatar gyara. A Hausa kuwa, inda ka da ki, naka da naki, suke ratsa kowane baiti, mawaƙin da ya ari waƙar soyayya daga ɗaya jinsin dole ya taɓa kusan kowace jimla. Na biyu, a cikin kundin akwai Let's Call the Whole Thing Off, wadda Gershwin da ɗan'uwansa Ira suka yi a 1937, kuma jigonta gaba ɗaya saɓanin karin harshe ne: masoya biyu suna neman rabuwa saboda kowannensu da yadda yake furta sunan tumatir da na dankali. Raha ce, amma a bakin mutumin da furucinsa na kudu yake iya rufe masa ƙofa, rahar tana da nauyi.

Ta fuskar fasaha, kundin bai kai ga mafi kyawun ayyukansa ba. Inda Holiday take jan kalma a baya da kiɗa kamar mai jin ciwon furta ta, Cooke yana fitar da ita tsaf, a goge, kuma tarin makaɗan da aka jera masa sun danne karkaɗar muryar tasa. Sai a 1963, a kundin Night Beat, da ya zauna da makaɗa kaɗan ya rera tsofaffin waƙoƙin bulus, aka ji yadda yake iya sabunta abin gado idan an bar shi ya sake.

Abin da harshe yake bari

Akwai dalili na tsarin sauti da ya ba shi wannan sarari. Ingilishi yana dogara ne da ƙarfafa wata gaɓa a kan sauran. Hawa da saukar murya a kan kalma ba ya mayar da ita wata kalma. Muddin mawaƙi ya kiyaye gaɓar da ake ƙarfafawa, yana iya miƙa wasali yadda ya ga dama, ya hau da shi ya sauko, ma'anar ƙamus tana nan. Abin da yake sauyawa shi ne ma'anar da ke bisa kalma: roƙo ne ko umurni, tabbaci ne ko shakka.

Hausa ba ta ba da wannan dama haka kawai. Tsawon wasali shi ya raba gari na mutane da garin tuwo, karin sauti kuma shi ya raba baba mahaifi da baba ta mace da baban rini. Binciken Russell Schuh a kan karin waƙoƙin Hausa ya nuna yadda nauyin gaɓa yake da babban matsayi wajen daidaita baiti da kiɗa. Saboda haka mawaƙin Hausa da yake son sabunta tsohuwar waƙa yakan bi wasu hanyoyi: ya ƙara ɗiya, ya sauya amshi, ya saka sabon suna cikin tsohon kirari, ko ya sauya saurin kiɗa. Kowane harshe da ƙofar da yake buɗe wa mai sabuntawa.

Dandamali biyu, mutum ɗaya

A 1958 Cooke ya hau dandamalin Copacabana, shahararren gidan rawa na Niyok, bai kuwa yi nasara ba. Abin ya tsaya masa a rai. A 1960 ya koma babban kamfanin RCA Victor, ya jera waƙoƙin kansa da suka yi kasuwa, irin su Chain Gang da Cupid da Bring It On Home to Me. Tare da abokinsa J. W. Alexander ya kafa kamfanin faifai na SAR da kamfanin Kags mai riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙinsa, abin da ba a saba gani ba ga mawaƙi baƙar fata a lokacin.

Daga wannan zango ne aka samu faya-fayai biyu da ya kamata a saurara a jere. Na farko an ɗauke shi ranar 12 ga Janairu 1963 a Harlem Square Club, a unguwar baƙaƙen fata ta birnin Mayami. A nan muryarsa tana da kaushi, yana katse baiti ya yi wa jama'a magana, su amsa masa kamar a coci. RCA ta ajiye faifan ba ta fitar ba sai a 1985, bayan shekara 22. Na biyu an ɗauke shi a Yulin 1964, lokacin da ya koma Copacabana ya yi nasarar da ta kuɓuce masa a da. A nan furucinsa a daidaice yake, raharsa a aune, waƙoƙin gado kuma su ne ƙashin bayan shirin. Wannan faifan an fitar da shi a shekarar.

Masana walwalar harshe sun san wannan hali. A 1984 Allan Bell ya bayyana yadda masu karanta labarai a rediyon ƙasar New Zealand suke sauya furucinsu gwargwadon tashar da suke magana a cikinta, alhali mutanen ba su sauya ba. Mai magana yana ɗinka salonsa ne daidai da mai sauraro. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ɗalibin da yake Damagaranci a gida, daidaitacciyar Hausa a takarda, Faransanci a aji, ba ya bukatar dogon bayani. Abin lura a tarihin Cooke shi ne wanda yake da ikon zaɓar salon da duniya za ta ji: kamfani ya fitar da ɗaya nan take, ya kulle ɗaya har bayan mutuwar mai shi.

Duk da haka bai shiga Copacabana hannu sake ba. Ƴan kwanaki bayan sanya hannu kan dokar ƴancin jama'a ta 2 ga Yuli 1964, ya cusa waƙoƙin da masu gwagwarmayar ƴanci suke rerawa, irin su This Little Light of Mine da Blowin' in the Wind ta Bob Dylan, a tsakiyar waƙoƙin soyayya, a gaban masu cin abincin dare.

Ƙarshen tafiya

Shekarunsa biyu na ƙarshe sun zo da nauyi. A 1963 ƙaramin ɗansa Vincent ya nutse a ruwa ya rasu. A watan Oktoba na shekarar aka hana shi masauki a Shreveport ta jihar Luwiziyana saboda launinsa, da ya yi gardama kuma ƴan sanda suka kama shi. A farkon 1964 ya ɗauki A Change Is Gonna Come, wadda ta haɗa muryar coci da faɗin kiɗan waƙoƙin gado, ta kuma zama ɗaya daga cikin waƙoƙin gwagwarmayar baƙaƙen fata. A Fabrairun shekarar yana Mayami tare da Malcolm X a daren da abokinsa Cassius Clay, wanda ya zama Muhammad Ali, ya ci kambun damben duniya.

Ranar 11 ga Disamba 1964 matar da ke kula da wani masauki a Los Anjeles ta harbe shi, ya mutu yana da shekara 33. Hukumar bincike ta yanke cewa kare kai ne, danginsa kuwa ba su yarda da wannan hukunci ba. Bayan rasuwarsa waƙoƙinsa su ma suka shiga rumbun gado: a 1965 Otis Redding ya sake rera uku daga cikinsu a kundi ɗaya.

Irin wannan aiki na ɗaukar tsohuwar waƙa a ba ta sabon baki yana nan a ƙasarmu. Malam Mamman Barka, ɗan Tesker a jihar Damagaram, ya je gaɓar tafkin Cadi a 2002 ya koyi kiɗan biram na Buduma daga hannun Bukar Tar, ya kuma kai shi dandamalin duniya kafin rasuwarsa a 2018. Abin da ya rage gare mu shi ne hanyar nazari. Wanda ya rubuta kalmomin waƙa a takarda ya tsaya nan, rabin amanar ya ɗauka. A samo waƙa ɗaya daga baki biyu, ko daga baki ɗaya a gaban taro biyu, a auna tsawon gaɓa, da inda aka ja numfashi, da abin da aka ƙara ko aka rage, sannan a tambayi wanda ya yanke shawarar wadda za a adana.