Walter Miller

Walter Richard Samuel Miller (an haife shi a shekarar 1872, ya rasu a shekarar 1952), wanda mutanen Zariya suka fi sani da Likita Mila, likita ne kuma ɗan mishan daga ƙasar Ingila. Ya yi kusan shekara hamsin yana hulɗa da ƙasar Hausa, mafi yawansu a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da ake kira CMS. An fi tunawa da shi saboda kafa ƙaramar ikilisiyar Hausawa a Zazzau, da kuma jagorantar fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a shekarar 1932.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Miller a garin Honiton da ke yankin Devon a kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a Asibitin St Bartholomew da ke Landan, daga nan ya shiga CMS. A wancan zamani Turawa ba su riga sun ci ƙasar Hausa ba, kuma shigarta na da wuya ga baƙo. Saboda haka masu son koyon Hausa sukan tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda ake samun fatake da maniyyata da bayi masu jin harshen. Can Miller ya fara koyon Hausa a ƙarshen shekarun 1890. Can ne kuma ya haɗu da wani yaro ɗan ƙasar Katsina mai suna Abdulmajid, wanda ake kira Audu, da ya fito kan hanyar zuwa Makka. Daga baya Audu ya zauna tare da shi, ya kuma taimaka masa wajen ƙwarewa a harshen.

Tafiyar Kano ta 1900

A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wata tawaga ta mutum biyar daga Legas zuwa ƙasar Hausa. Ban da shi da Miller, akwai Richardson da Dudley Ryder da Burgin. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma da suka isa Kano sai Sarki Aliyu Babba ya ƙi ba su izinin zama, ya umarce su da su fice daga birnin cikin 'yan kwanaki. Tawagar ta koma Girku a ƙasar Zazzau, inda cututtuka suka addabe su. Ryder ya rasu a can, sauran kuma rashin lafiya ta tilasta musu janyewa. A idon mutane da yawa wannan yunƙuri ya watse ke nan, amma Miller ya komo bayan ya warke.

Zama a birnin Zariya

Bayan sojojin Birtaniya sun ci Zariya a 1902, sannan Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba. Wannan ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa hana 'yan mishan buɗe tashoshi a manyan biranen Musulmi. Zariya ta zama ta daban, domin a shekarar 1905 Miller ya sami izinin zama a cikin birni a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe wurin shan magani da makaranta ta yara maza, inda ake koyar da karatu da rubutun Hausa da haruffan boko. Miller na cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta ɗauki boko a maimakon ajami a harkokin mulki da makarantu.

Masu bi a waɗannan shekaru kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya karɓi baftisma yakan fuskanci rabuwa da dangi da wahalar samun aure a cikin al'ummarsa. Saboda haka taron sujada ya zama musu kamar gida na biyu. Da Hausa ake karatun Linjila da Zabura, da ita ake addu'a da waƙa da wa'azi, kuma buƙatar wannan ƙaramin taro ce ta sa aikin fassara ya zama dole tun daga farko.

Isawa da ƙauyen Gimi

A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya sa ya ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a koyarwarsa. Hukumomin Kano sun kashe shi saboda wannan koyarwa, mabiyansa kuma, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa yankin Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. A shekarar 1913 wasu daga zuriyar waɗannan mutane suka zo wurin Miller a Zariya suna neman ƙarin bayani game da Isa Almasihu. Da yawansu sun karɓi addinin Kirista.

Domin a tara su wuri ɗaya, an kafa musu ƙauye a Gimi, inda suka gina majami'a da makaranta, suna noma suna sujada tare. Wani limamin coci daga tsibiran Karibiyan mai suna W. A. Thompson ne ya kula da su. A 'yan shekarun farko ƙauyen ya bunƙasa, har ana ganin shi ne tushen ikilisiyar Hausawa ta gaba. Sai annobar ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta faɗa wa wurin. A lokacin babu ingantaccen maganin cutar a yankin, ta kuwa kashe mafi yawan mazauna ƙauyen, aka bar marayu da gwauraye. A ƙarshe aka tashi daga Gimi, waɗanda suka tsira suka koma Zariya.

Wannan annoba ita ce babbar jarrabawar da ikilisiyar ta fuskanta a zamanin Miller. Mutanen da suka bar garuruwansu saboda bangaskiya sun binne 'yan uwansu cikin shekaru kaɗan. Duk da haka ragowar ba su watse ba. Sun ci gaba da taruwa domin sujada, an rene marayun a gidan mishan an sa su a makaranta, kuma daga cikinsu aka sami malamai da masu bishara da ma'aikatan asibiti na baya.

Komawa Wusasa

Dangantakar Miller da fadar Zazzau ta yi tsami da tafiyar lokaci. Ya riƙa kai ƙorafi ga jami'an Turawa kan zalunci da cinikin bayi da yake zargin ana yi, kuma ana danganta ƙorafinsa da tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda aka kai Lokoja. Jami'an gwamnati su ma ba su ji daɗin zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi ba. Bayan doguwar tattaunawa, a shekarar 1929 aka mayar da tashar zuwa Wusasa, a wajen ganuwar Zariya, ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. A can aka gina Majami'ar St Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin gargajiya na Hausawa, tare da makaranta da Asibitin St Luke. Miller bai zauna a Wusasa ba, ya koma Kano ya duƙufa kan fassara.

Fassarar Littafi Mai Tsarki

Kafin Miller, Bajamushe J. F. Schön ya fassara wasu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a ƙarni na 19, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Miller ya yi shekaru yana aiki tare da Hausawan da ke kusa da shi da kuma wakilan wasu ƙungiyoyin mishan, musamman SIM da SUM. A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta fitar da Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari a littafi guda da haruffan boko.

Tasirin fassarar ya wuce ƙasar Hausa. A Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa, inda ake da harsuna masu yawa, Hausa ta zama harshen da ƙabilu daban-daban ke haɗuwa a kai a ranar Lahadi. Majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN sun daɗe suna karatu da waƙa da ita, haka ma masu bi a Gusau da Sakkwato da Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. An yi sababbin fassarori daga baya, amma kalmomi da yawa na sujada da aka saba da su sun kafu ne tun daga ta 1932.

Ƙarshen rayuwa

Miller ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya koma Ingila, amma bayan 'yan shekaru ya dawo Najeriya. Ya rubuta littattafai da Turanci, daga ciki akwai Reflections of a Pioneer na 1936 da Have We Failed in Nigeria? na 1947, inda ya soki tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana ganin ya hana talakawa ilimi da ci gaba. Kamfanin Gaskiya da ke Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952.

Abin da ya bari

Masana tarihi sun sha bamban a kansa. Wasu na yaba masa kan ƙwarewarsa a Hausa da tsayawarsa ga marasa ƙarfi, wasu kuma na sukar zafin kalamansa game da Musulunci da sarakunan Fulani, da kusancinsa da mulkin mallaka a farkon zuwansa. Yawan waɗanda suka bi shi bai kai abin da ya yi fata ba, amma al'ummar Wusasa ta fitar da fitattun mutane. Daga cikinsu akwai Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Najeriya, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi ya yi firamare. Yau Wusasa ce cibiyar wata dayosis ta cocin Angilika, kuma tsohuwar majami'ar ƙasa ta 1929 tana nan tsaye.